Birkin Motar Al'umma: Abin da Kwamiti Zai Sani Kafin Ya Fitar da Kuɗi

Wannan shi ne jawabin da jami'in raya karkara na ofishinmu ya gabatar a taron kwamitocin lafiya, ma'ajiyai da direbobin ƙauyuka. Mun buga shi domin ikilisiyoyin da ba su sami aiko da wakilai ba.

   

Mun saba yi muku magana a kan rijiya, taki da rigakafin yara. Yau kuwa maganarmu a kan birkin mota ce. Wani zai ce wannan ai zancen makanikai ne, ina ruwan kwamiti da shi? Amsa ita ce, makanike ne ke ɗaura kaya, amma kwamiti ne ke fitar da kuɗi. Wanda ke riƙe da jakar kuɗi shi ne ke yanke shawarar irin birkin da motar za ta samu, ko ya san haka ko bai sani ba. Da yawa cikin ƙauyukanmu suna da tsohuwar jif guda ɗaya, ko Land Cruiser, ko Prado, ko Pajero, wadda aka ba su kyauta ko suka yi karo-karo suka saya. Ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ita ce ke ɗauko magani da buhunan iri. Idan birkinta ya kasa, 'ya'yanmu da matanmu ne a ciki.

Abin da ya same mu

Bari mu fara da laifinmu, don kada ku ce mun zo nuna muku yatsa. Motar ofishinmu Land Cruiser ce ƙirar 1995. A daminar 2023 direbanmu ya kawo rahoto cewa birkin gaba yana ƙara. Aka kawo mana farashi iri biyu na fad, wato takalmin nan da ke matse faifan birki. Ɗaya ya ninka ɗayan kusan sau uku. Kwalayen duka biyu suna da kyau, mai shago kuma ya rantse cewa duk abu ɗaya ne. Kuɗi ya yi mana ƙaranci a watan nan, sai muka sa hannu a kan mai araha.

Bayan mako bakwai, motar tana gangarowa daga wani ƙauye a kan dutse da wata 'yar'uwa da ta kwana biyu tana naƙuda, tare da ungozoma, mijinta da surukarta. A tsakiyar gangare direba ya ji wari kamar na ƙonannen roba. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi ƙasa, motar ba ta tsaya ba. Ya yi ta dannawa yana saki har birkin ya ɗan kama, ya jefa ta ƙaramar giya, ya ja birkin hannu a hankali, ya goga gefen motar da gaɓar hanya har ta tsaya. Mun gode wa Allah, ba wanda ya rasa ransa, kuma matar ta isa asibiti a wata motar. Da aka kwance tayar, sai aka tarar ɓawon fad ɗin ya ɓalle daga jikin ƙarfensa, ƙarfe yana cin ƙarfe, faifan ya yi shuɗi ya tsattsage.

Abin da muka kashe bayan nan, na faya-fayai biyu, sabon fad, gyaran jikin mota da hayar wata motar na mako biyu, ya fi abin da muka yi tattali nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tun daga ranar muka zauna da makanikai, muka karanta littafin gyaran motar, muka koyi abin da za mu faɗa muku yanzu. Taƙaitawarsa ita ce: a sayi kayan birki da lamba da awo, ba da bakin mai shago ko kyan kwali ba.

Yadda birki ke aiki

A bayan kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe mai nauyi, wanda makanikai ke ce wa dis. Yana juyawa tare da tayar. A kansa akwai wani mamatsi da ake kira kalifa, a cikinsa kuma akwai fad guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Idan direba ya taka birki, man birki yana bi ta bututu ya tura fistin, fistin ya tura fad, fad ya matse faifan. Gogayyar nan ce ke tsayar da mota. A baya, waɗansu motocin faifai ne, waɗansu kuma ganga ce mai takalmi a ciki. Birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin, domin nauyin mota yana komawa gaba duk lokacin da aka taka birki. Shi ya sa fad ɗin gaba ke riga na baya cinyewa.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, birki yana mai da gudun mota ya zama zafi. Kuma lissafin ba shi da tausayi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana jefa wa birkinta zafi ninki huɗu na wadda ke gudun kilomita 40, ba ninki biyu ba. Land Cruiser irin tamu ta fi tan 2 ko babu kowa a ciki. Idan aka cika ta da mutane da buhuna ta kusa tan 3. A ce ta gangaro daga tudu mai tsayin mita 300, birki kaɗai ke riƙe ta, zafin da zai shiga faya-fayanta ya isa ya tafasa ruwan jarka guda mai lita 25. Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a kan hanyar Jos zuwa Akwanga ya san warin birkin manyan motoci a wurin. To, fad mai kyau da marar kyau duk suna kamawa a cikin gari a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Sai a gangare da kaya ne ake gane bambancinsu, lokacin kuwa babu damar komawa shago.

Yaushe ake canzawa?

Sabon fad yana da ɓawo mai kaurin milimita 10 zuwa 12. Idan ya ragu zuwa milimita 3, lokacin canji ya yi. Kada a jira ya ƙare. Yawancin fad masu kyau suna da wani ɗan harshen ƙarfe da ke taɓa faifan ya riƙa ƙara mai tsini idan ɓawon ya kusa ƙarewa. Wannan ƙarar gargaɗi ce. Idan kuwa ƙarar ta koma gurnani kamar ana niƙa dutse, ɓawon ya riga ya tafi, faifan ne ake ci.

Sauran alamun da direba zai kawo wa kwamiti su ne waɗannan. Mota tana ja gefe ɗaya idan an taka birki. Sitiyari ko matakin birki yana karkarwa. Matakin ya yi laushi, ko sai an danna sau biyu kafin ya kama. Man birki yana raguwa a kwalbarsa. Taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya. Jar fitilar birki ta kama a gaban direba.

Shi kuma faifai, ba da ido ake yanke masa hukunci ba. Kamfanin da ya ƙera shi ya buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikinsa, a baki ko a tsakiya, da haruffa MIN TH sai lamba. A motarmu sabon faifan gaba milimita 32 ne, iyakarsa kuma milimita 30. Ku lura da kyau, milimita 2 kacal ne tsakanin sabo da wanda ya gama aiki. Ido ba zai gane wannan ba. Sai an sa ma'aunin da ake kira maikiromita, a auna a wuri shida ko takwas kewaye da faifan, a inda fad ke gogawa, ba a kan leɓen da tsatsa ta bari a baki ba. Faifan da ya sirance ba ya iya ɗaukar zafi, kuma yana saurin tsagewa.

Ana iya kai faifai wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su share fuskarsa idan ya yi zane-zane. Wannan ba laifi ba ne, in dai bayan sharewar kaurinsa bai sauka ƙasa da lambar nan ba. Amma faifan da ya tsage, ko da tsaguwar ƙarama ce da ta kai baki, ba ya gyaruwa. Ba a yi masa walda. A jefar da shi.

Abu na farko: a tafi kasuwa da lamba

Sunan mota kaɗai bai isa ba. Land Cruiser samfurin 80 an ƙera shi daga 1990 zuwa 1997, amma waɗanda suka fito daga ƙarshen 1992 suna da faifan gaba mafi girma fiye da na farkon. Waɗansu suna da ganga a baya, waɗansu faifai. Samfurin 100 da ya biyo baya a 1998 kayansa daban ne. Prado ta 1996 zuwa 2002 ba ɗaya take da ta 2002 zuwa 2009 ba. Haka Pajero. Bayan haka, motocinmu sun shigo daga ƙasashe dabam-dabam, wata daga Turai, wata daga Amurka, wata daga ƙasashen Larabawa, kuma tsohuwar mota ta yiwu an taɓa canza mata ƙafar gaba gaba ɗaya da ta wani samfurin.

Saboda haka a rubuta lambar shasi. Tana jikin ƙaramin allon ƙarfe a ɗakin inji ko a jikin ƙofar direba, tana kuma cikin takardun mota. A yawancin motoci haruffa da lambobi 17 ne. Da ita dila mai gaskiya zai nemo lambar kayan. A motocin Toyota lambar kaya guda 10 ce. Ta fad ɗin gaba tana farawa da 04465, ta baya da 04466, ta faifan gaba kuma da 43512. Sa'an nan a tafi da tsohon fad a hannu, a ɗora shi a kan sabon, a ga kunnuwansa da ramukansa sun dace. Idan makanike ya ce sai ya goge gefen sabon fad da zarto kafin ya shiga, ba na motar ba ne. A mayar.

Abu na biyu: irin ɓawon fad

Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai laushi, wanda aka haɗa da zare, roba da ƙaro. Ba ya ƙara, ba ya cin faifai, yana da araha, amma yana saurin cinyewa kuma yana sakin jiki idan ya yi zafi. Ya dace da ƙaramar mota a cikin gari. Akwai mai haɗin ƙarfe, wanda za ku ga ɗigon ƙarfe yana ƙyalli a fuskarsa. Yana ɗan ƙara, yana baƙanta wili da ƙura, yana cin faifai fiye da na farko, amma yana jure zafi da nauyi. Akwai kuma na siramik, mai tsada, marar ƙara, marar ƙura, wanda aka fi yi domin jin daɗin tuƙi a kan kwalta.

Ga motar da ke hawa dutse da kaya, shawararmu ita ce a sayi na ainihin kamfanin motar, ko kuwa mai haɗin ƙarfe daga sanannen kamfani. Kamfanonin mota ba su ne ke yin fad da kansu ba, masu yin birki ne ke yi musu. A Japan akwai Akebono, Advics da Nisshinbo. A Turai akwai Bosch, TRW, Textar, Brembo na Italiya, da Ferodo wanda aka kafa a Ingila tun 1897. Kayansu a cikin nasu kwalin yakan fi na kwalin kamfanin mota sauƙi, ingancin kuma bai ragu ba.

Ku juya fad ɗin ku duba baya ko gefensa. Sau da yawa akwai haruffa biyu a ƙarshen rubutun, kamar EE, FF ko GG. Harafin farko yana nuna ƙarfin kamunsa da sanyi, na biyu kuma da zafi. F ya fi E kamu, G ya fi F. Ga mota mai nauyi a nemi FF ko sama. Wanda aka rubuta FE yana nufin kamunsa yana raguwa idan ya yi zafi, wannan kuwa shi ne abin da ba mu so a gangare. Kayan da aka yi domin kasuwar Turai suna ɗauke da harafin E a cikin da'ira tare da 90R. Wannan alama ce cewa an gwada fad ɗin, kuma aikinsa bai bambanta da na ainihi da fiye da kashi 15 cikin 100 ba.

Abu na uku: faifai

A nan zaɓin yana da sauƙi. A sayi faifai mai santsin fuska, mai hanyoyin iska a tsakiyarsa, irin wanda motar ta zo da shi. Matasa za su nuna muku masu huda-huda da zane, su ce na tsere ne. Ga hanyoyinmu ba su da amfani. Laka da yashi suna cika ramukan, tsaguwa kuma takan fara daga bakin rami. A auna sabon faifan tun a shago: faɗinsa, kaurinsa, tsayin tsakiyarsa da yawan ramukan kusoshi su zo daidai da tsohon. A ɗaga su a hannu. Idan sabon ya fi wanda aka cire sauƙin nauyi, an rage masa ƙarfe ne ta ciki, an faɗaɗa hanyar iskar don a yi tattalin ƙarfe.

Faifai da fad ana canza su ne hagu da dama tare. Ba a canza gefe ɗaya don kuɗi bai kai ba. Idan ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, motar za ta ja gefe ranar da aka taka birki da ƙarfi. Kuma sabon faifai sai da sabon fad.

Jabu da na hannu

Kayan gyara suna zuwa mana ta manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas, Nkpor kusa da Onitsha, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Dilimi a Jos. A kowace babbar kasuwa akwai 'yan kasuwa masu gaskiya da suka san aikinsu. Amma jabun kaya yana yawo ko'ina, kuma mai yin jabu ya iya buga kwali, ya iya buga lamba, har alamar 90R yana iya kwaikwayo. Don haka alama ɗaya ba ta isa ba. A duba ko rubutun kwalin ya fita sarai babu kuskuren haruffa. A duba ko lambar kwali ta yi daidai da ta jikin kaya. A duba haɗin ɓawo da ƙarfe, kada a ga giɓi ko gam yana tsiyayowa. A kankare gefen ɓawon da farce ko makulli, idan yana marmashewa a ajiye shi. Idan farashin ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, akwai dalili. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Game da kayan Beljiyam, wato na hannu da aka ciro daga motocin ƙasashen waje, ga matsayinmu. Faifai na hannu ana iya saye idan an auna shi a gabanku, ya haura iyakarsa sosai, babu tsaguwa, babu tsatsa mai zurfi. Fad na hannu kuwa kada a saya, domin ba wanda ya san ko ya taɓa ƙonewa ko ya sha mai. Haka kuma fad ɗin da aka manna wa sabon ɓawo a bakin hanya. Gam ɗin da ke riƙe ɓawo a masana'anta ana gasa shi ne da zafi da matsi na musamman. Abin da ya ɓalle mana a gangare ke nan.

Akwai kuma maganar lafiyar makanikanmu. A da ana yin ɓawon birki da wani ma'adini mai suna asbestas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa shaƙar ƙurarsa tana kawo ciwon daji da ciwon huhu. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2005, amma ba kowace ƙasa ce ta hana ba. Kada a hura ƙurar birki da baki ko da iskar famfo, musamman yaran da ke koyon aiki. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ranar ɗaurawa

Kaya mai kyau a hannun mai gaggawa ya zama marar kyau. Ɗan kwamiti ɗaya ya zauna a gareji ranar aikin. Ba rashin yarda da makanike ba ne, shaida ce. Ga abin da zai sa wa ido.

A goge tsatsa da datti daga fuskar da faifan zai zauna a kai. Dattin da bai fi kaurin takarda ba ya isa ya sa faifan ya riƙa layi, bayan 'yan watanni sitiyari ya fara karkarwa. A wanke man hana tsatsa da ke jikin sabon faifai. A duba fistin ɗin kalifa duka suna motsi. Kalifar gaba ta Land Cruiser irin tamu tana da fistin huɗu, idan ɗaya ya maƙale fad zai cinye a karkace. A duba robobin da ke hana ƙura shiga. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyon mai. A ɗaure kusoshin taya bi da bi, wannan sannan na daura da shi, da ƙarfi daidai, ba yaro ya hau sifana yana tsalle ba.

A samfurin 80, faifan gaba yana ɗaure ne a bayan cibiyar taya, sai an kwance cibiyar kafin ya fita. Saboda haka kwamiti ya sa kuɗin giris da sabon sil a lissafi, a duba boris a lokaci guda. Idan an ga mai ko giris a jikin faifai, a fara gyara inda yake yoyo. Fad ɗin da ya sha mai ya mutu. Ƙona shi a wuta ko wanke shi da fetur ba ya dawo da shi.

Kada a manta da man birki. A murfin kwalbarsa an rubuta irin da motar ke sha, DOT 3 ko DOT 4. Man nan yana shan danshin iska a hankali. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya haura digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 140. DOT 4 kuma daga 230 yake sauka zuwa wajen 155. Idan ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, direba ya taka ƙafarsa ta tafi ƙasa. A canza shi duk shekara biyu, daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a haɗa shi da DOT 5. Mun taɓa ganin inda aka zuba ruwan sabulu a madadinsa, mun kuma ga inda aka toshe bututun taya ɗaya da ƙusa don yana yoyo. 'Yan'uwa, motar da aka yi wa haka kada ta ɗauki ko akuya, balle mutum.

Bayan an gama, kafin motar ta motsa, direba ya danna birki sau da yawa har ya yi tauri. Sa'an nan a nemi miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a. A kai gudun kilomita 60, a taka birki da matsakaicin ƙarfi zuwa kilomita 10 ba tare da an tsaya cak ba, a maimaita sau takwas ko goma, sai a yi tafiyar 'yan mintoci ba a taɓa birki ba don ya huce. Wannan ne ke sa fad da faifai su saba da juna. A kilomita 300 na farko a guji kaya mai nauyi a gangare in da hali.

Ga direbobinmu

Ku ne kuka fi kowa sanin motar. Giyar da aka hau tudu da ita, da ita ake sauka. Inji ya riƙe motar, birki ya taimaka. Kada a saki mota a firi don tattalin mai, kada kuma a kashe inji a gangare, domin ƙarfin birkin daga inji yake samun taimako. Kada a ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, a taka a saki. Bayan an ƙetare rafi, a ɗan taka birki a hankali ana tafiya har ya bushe. Kada a watsa wa faifai mai zafi ruwa. Da damina a riƙa cire taya ana wanke laka, domin laka da yashi suna cin fad kamar dutsen wasa wuƙa. Kowace safiya a duba man birki, a gwada birkin ƙafa da na hannu kafin a bar gida.

Ga kwamitoci

Muna roƙon kowane kwamiti ya koma gida ya zartar da waɗannan abubuwa biyar, magatakarda ya rubuta su.

Ɗaya, a buɗe littafin mota. A shafin farko a rubuta lambar shasi, lambobin fad da faifai, da iyakar kaurin faifan. Duk gyara a rubuta kwanan wata da kilomita.

Biyu, a ware asusun birki da taya dabam. Daga kowace tafiya a cire wani abu a ajiye. Ba a taɓa shi don biki ko bashi. Rashin kuɗi a hannu ranar buƙata shi ne ya kai mu ga sayen mai araha.

Uku, mutum biyu su je sayayya, direba ko makanike da ɗan kwamiti. A tambayi shago uku. A karɓi rasit mai sunan kamfani da lambar kaya. A dawo da tsofaffin kayan da kwalin sababbin a nuna wa kwamiti.

Huɗu, duk wata uku a cire tayoyi a duba birki, da kuma kafin damina da bayanta.

Biyar, idan direba ya ce birki ba lafiya, motar ta tsaya. Kada a zarge shi da neman kuɗi, kada kuma wani babba ya matsa masa ya fita da ita. Idan muna shakkar maganarsa, a kira makanike na biyu ya auna a gaban kowa. Gani ya kori ji.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi zuba kuɗi a asusun motar nan daga cinikin hatsi da man gyaɗa, ku ne kuma kuka fi shigarta cikin dare. Kuna da ikon ku tashi a taro ku tambaya: yaushe aka auna faifan, milimita nawa aka samu? Idan ba wanda ya iya amsawa, a kawo littafin.

Mun zo da tsohon fad ɗin da ya ɓalle, da faifan da ya tsage, da sababbi, da maikiromita. Suna kan teburin baya. Bayan cin abinci makanikenmu zai cire tayar motar ofis a nan fili, kowane kwamiti ya turo mutum biyu su riƙe ma'aunin da hannunsu. Wanda ya zo da motar ƙauyensu ya kawo ta, za a auna masa kyauta kafin ya koma.